TARIHIN BUKIN KAKA A ƘASARMU

A wannan fitowa mun ga ya kamata mu waiwayi tarihin bukin kaka, domin ɗiyanmu da anka haifa a birni suna jin sunansa ga bakin iyaye, amma ba su san dalilin da ya sa kakanninmu sunka riƙe shi da ƙarfi ba. Wasu sun ɗauka kiɗi ne da rawa kawai. Alhali a cikinsa ne gari ke raba abin da Allah ya ba shi, yadda mai kaɗan ma zai kai ga damina ta gaba.

LISSAFI BIYU

Mutanenmu na da lissafin shekara iri biyu. Akwai na watannin Musulunci, wanda ke kawo muna azumi da Salla, akwai kuma na manoma, wanda a cikinsa watan bakwai ne farkon ruwa. Na farko yana matsowa da wajen kwana 11 kowace shekara, sai ya yi shekara 33 ya komo inda ya faro. Shi ya sa dattawanmu ke tuna Salla cikin sabon hatsi: a 1975 ƙaramar Salla ta faɗo farkon Oktoba, Layya kuma tsakiyar Disamba. Kusan haka anka sake yi a 2008. Amma a 2025 Layya ta zo farkon Yuni, lokacin shuka, rumbuna sun yi ƙasa. Bukin kaka shi ba ya matsawa. Kullum yana nan tsakanin Oktoba da Disamba, bayan an yanke hatsi, an ɗaure damma, an kai gida.

YADDA KAKANNI KE YI

Alamar farko ita ce tumu. In hatsi ya nuna, yara su gasa, a aika wa maƙwabci da gonarsa ba ta kai ba. In an gama girbi sai a bar tsofaffi da gwagware su yi kala, ba mai hana su.

Kafin Musulunci ya game ƙauyukan ƙasar Katsinar Maraɗi da Gobir, Anna na da taron dangi bayan girbi, wanda wasu ke kira kan ƙwarya. Babban gida ya tara zuriya, a yi yanka, a ci a sha, ɗiya mata da ke aure wasu garuruwa su zo gida. Da addini ya zauna, aka bar yanka irin wancan, zakka da sadaka sunka tsaya wurinsa: dami ɗaya cikin goma na mabukata ne da almajirai. Taron dangi kuwa bai mutu ba.

Babban buki a wancan zamani shi ne dubu. Manomin da ya samu dami dubu a damina guda ba ya kulle rumbu ya yi shiru. Sai ya gayyaci gari da garuruwan kewaye, a yi tuwo da fura, makaɗan noma su yi ta wasa shi, ya rabar da hatsi mai yawa, sannan a kira shi Sarkin Noma. Wani Bafaranshe mai bincike, Guy Nicolas, wanda ya yi aiki ƙasar Maraɗi a shekarun 1960, ya yi rubutu a kan wannan al'ada. Abin lura a nan shi ne, sarautar ba ta tabbata ga mutum don ya tara kawai, sai ya rabar. Dama dami dubu ba ya samuwa da hannun gida ɗaya, da gayya ake noma shi. Waɗanda sunka yi gayya su ne ke cin dubu.

Da dare kuma, in wata ya yi fari, filin gari na samari ne da ƴanmata. Sarkin samari ya aika goro wani gari, a sa ranar kokowa. Baƙi su zo da makaɗansu, kowane saurayi ya ɗauki baƙo guda ya kai gidansu, ya ba shi fura da wurin kwana. Baɗi su ma su rama. Abota da yawa da ke tsakanin garinmu da maƙwabta daga nan ta samo asali, har da auratayya. A Damagaram kuma akwai wasan kara, inda samari ke ƙera kayan sarauta da na Nasara da karan hatsi, su kwaikwayi manya, jama'a na dariya, manyan ma na kallo.

Aure ma kaka ake jira, domin lokacin ne ke akwai abin hannu. Mata na da nasu lissafi na biki: abin da ƙawa ta kawo miki yau, ke ma ranar nata za ki mayar, har da ƙari. Ba a rubuta shi ga takarda, amma ba a mance shi.

Bayan an gama wannan duka, maigida ya rufe rumbun gandu, ba a buɗe shi sai ruwa ya sauka, lokacin da ake bukatar ƙarfin noma. Cikin rani mata na taimakawa da abin da sunka samu a gamana, samari kuma su tafi cin rani don a rage baki. Ku lura da tsarin: sai an yi buki an raba, sannan a rufe rumbu, sannan matafiyi ya ɗauki sandarsa.

ABIN DA YA CANZA

Zuwan Nasara ya taɓa wannan tsari. Lanho da kuɗi ake biyansa, kuma bayan girbi ake karɓa, ga aikin tilas wanda ba a soke ba sai 1946. Sai kaka ta zama lokacin murna da fargaba gaba ɗaya. Daga baya gujiya ta shigo da ƙarfi. In an buɗe cinikinta kuɗi su cika kasuwa, a sayi zane da keke da rediyo, bukukuwa su yi armashi. A 1962 gwamnati ta kafa SONARA don sayen gujiya. Amma kuɗi ba kamar dami ba ne: dami kowa na ganinsa bisa kan jaki, kuɗi kuwa aljihu suke shiga, maƙwabci bai san yawansu ba.

Sai farin 1973 ya zo, a 1975 kuma cuta ta kashe gujiya. A 1984 anka yi yunwar da mutane sunka sa wa suna El Buhari, saboda ta haɗu da rufe iyakar Najeriya. A waɗannan shekaru gidaje da yawa ba su ɗaure abin da zai kai su wata uku ba, balle a yi zancen dubu. Gandu ya fara watsewa, gonaki sunka ƙanƙance saboda rabon gado da yawan jama'a. Samari sunka koma tafiya tun hatsi na tsaye, wasu ma ba su komowa sai bayan shekaru.

Gwamnatin Seyni Kunce, wadda ta hau a 1974, ta raya samariya, ta kuma ɗauki kokowa ta kai ta matsayin ƙasa. A Tawa anka yi gasar farko a 1975, Kantu na Maraɗi ya yi nasara. Wannan abin alfahari ne, har yau in ana kokowar takobi ƙasa duka na sauraro. Sai dai kokowar babban fili kallo ce, ba ta sa baƙo ya kwana ɗakin abokinsa a ƙauye.

Yunwar 2005 ta nuna muna wani abu. Hatsi bai ɓace daga kasuwannin Maraɗi ba, tsada ce ta hana talaka saye. Manomi ya sayar da arha a kaka don biyan bashi, ya komo yana sayen hatsin nan da tsada cikin damina. A da, wani kashi na hatsin nan gidan maƙwabci yake shiga ta hanyar zakka da biki da dubu, ya tsaya cikin gari. Da bukin ya raunana, sai ya zama mota ke fita da shi.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ba mu ce a komo da duk abin da anka yi a da ba. Abin da addini ya hana ya tafi ke nan. Amma zumunci da ciyarwa addini ya ƙarfafa su, kuma ba su fi ƙarfinmu ba. Don haka muna kawo shawara uku gaban dattawa da ƴan ƙungiya.

Ta farko, a tsaida rana guda kowace shekara bayan damma sun shiga rumbu, a sanar da ita da wuri, yadda na waje zai nemi izini wurin aikinsa ya zo da ɗiyansa. Kada mu jira sai Salla, tunda Salla ba za ta komo cikin kaka ba sai nan da shekaru.

Ta biyu, wanda bai samu zuwa ba ya aiko da abin da ya sawwaƙa. A sayi hatsi nan cikin gari lokacin da yake da arha, a zuba rumbun ƙungiya, a buɗe shi watan bakwai ga gidajen da sunka rasa. Kowace tiya a rubuta ta, a karanta gaban jama'a ranar buki.

Ta uku, samarinmu su aika goro garuruwan maƙwabta kamar yadda iyayensu ke yi, a yi kokowa filin gari, kowane gida ya sauki baƙo.

Ku kuma da ke birni, in kun samu saƙon sabon hatsi daga gida, ku dama fura ku kira ƴan garinmu da maƙwabtanku, ko wace ƙabila ce, ku gaya wa yara inda ya fito. Dattawan da sunka ga dubu da idonsu sun rage kaɗan. Muna roƙonsu su ba sakatare labarin abin da sunka gani, da sunayen Sarakan Noma na garinmu, mu buga a fitowa ta gaba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya maido matafiyanmu gida lafiya, ya jiƙan magabatanmu. Amin.