Shari'ar Kyaftin ɗin Jirgin Medus, 1817

A zamanin jiragen ruwa masu filafilai, al'adar mayaƙan ruwa na Turai ce idan jirgin gwamnati ya halaka a gurfanar da kyaftin ɗinsa gaban kotun soja, a bincika ko ƙaddara ce ko sakaci. Shari'ar jirgin Medus na Faransa ta nuna amfanin irin wannan bincike, ta kuma nuna iyakarsa.

Ran 17 ga Yuni 1816 Medus ya tashi daga Faransa da mutum wajen 400, za su San Luwi su karɓi Senegal daga hannun Ingila. Kyaftin ɗinsa, Shomare, ya fi shekara 20 bai ja ragamar jirgi ba. Biyayyarsa ga gidan sarauta, wanda aka mayar kan gado bayan faɗuwar Napoliyon, ita ta ba shi muƙamin.

A gaɓar ƙasar da ake kira Muritaniya yanzu akwai wani makeken tudun rairayi ƙarƙashin ruwa, sunansa Argin. Matuƙa sun san shi; dabararsu ita ce su tabbatar sun ga tsinin ƙasa na Kaf Bulan, sa'an nan su nausa cikin teku su kewaye tudun, suna jefa igiya mai darma don auna zurfi. Shomare kuwa ya ɗauki gajimare a matsayin tsinin, ya bi shawarar wani fasinja, ya ƙi ta hafsoshinsa. Ruwa ya sake launi, aka auna aka sami gaba 18 kaɗai. Kafin a juya, jirgi ya kafe, ran 2 ga Yuli.

Kwale-kwalen jirgin ba su isa kowa ba, sai aka ɗaɗɗaure katakai aka ɗora mutum wajen 147, da nufin a ja su zuwa gaci. Ba a yi nisa ba aka saki igiya. Bayan kwana 13 jirgin Argus ya tsince su, saura 15 da rai.

Hukuma ta so abin ya tafi shiru, amma cikin Satumba rahoton likita Sabinyi, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira, ya fita a jarida. Kotun soja ta zauna a Roshfor cikin Fabrairu 1817, ta saurari shaidu. Ran 3 ga Maris ta kama Shomare da laifin kafe jirgi da barinsa tun da sauran mutane a ciki. Doka ta ba da damar kisa, amma aka tuɓe shi, aka ɗaure shi shekara 3.

Abin lura shi ne, kotun ta tsaya ne a kan kyaftin kaɗai. Gwamna Shimals, wanda ke cikin kwale-kwale sa'ad da aka bar mutanen katakai, bai gurfana ba, ya ci gaba da mulkin Senegal. Ba a kuwa tambayi wanda ya damƙa rayuka 400 ga wanda ya manta sana'arsa ba. Ministan mayaƙan ruwa ya bar kujerarsa cikin shekarar nan, amma ba da hukuncin kotu ba. Watau kotun ta gano inda jirgi ya ɓace hanya a teku, amma kuskuren farko an yi shi ne a ofis, a birnin Faris, tun jirgi bai tashi ba.