Kyamarar Mota da Tsohon Tsarin Wutar da Ta Gada

Kyamarar mota ƙaramar na'ura ce da ake maƙalawa a gilashin gaba, galibi bayan madubi, tana ɗaukar bidiyon hanya tun daga tayar da mota har zuwa kashe ta. Ƙorafi biyu ne suka fi bin ta a duk ƙasar da ake amfani da ita. Ko dai ta sandare, hoton fuskarta ya tsaya cak, maɓallanta su ƙi amsawa, ko kuma ta riƙa mutuwa tana farfaɗowa ita kaɗai ana cikin tafiya. Mai mota yakan ɗora wa kyamarar laifi, ya ce ta jabu aka sayar masa. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa ba a nan gizo ke saƙa ba, domin wutar da kyamarar ke sha, da ramin da take shan ta, an tsara su ne tun zamanin da babu wanda ya yi zaton wata rana za a ɗora kwamfuta a cikin mota.

Batir ɗin da ke cikin yawancin motoci har yau, mai farantan dalma da ruwan asid, wani Bafaranshe ne mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro shi a 1859. Motocin farko ba su dogara da shi wajen tashi ba. Da handul ake murɗa injin, kuma idan injin ya yi tutsu, handul ɗin kan dawo da baya ya karya hannun mai murɗawa. A 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da mota mai tashi da lantarki, bisa aikin injiniya Charles Kettering. Daga nan batir ya samu babban aikinsa, wato ya juya kik. Shi kuwa kik yakan zuƙi ɗaruruwan amfiya a cikin daƙiƙa biyu ko uku, kuma a wannan ɗan lokacin duk wani abin da ke shan wuta a motar sai ya ji a jikinsa. Duk direban da ya taɓa tayar da mota fitilu na kunne ya ga yadda haskensu ke dushewa kafin injin ya kama.

Da farko batir mai volt 6 ake sa wa motoci. A tsakiyar shekarun 1950 kamfanonin Amurka suka koma volt 12 saboda injuna sun ƙara girma, ita kuwa Volkswagen Beetle sai a samfurin 1967 ta bi sahu. Dainamo ma ya kauce wa altaneta, wadda Chrysler ya fara sakawa a motar kowa da kowa a 1960, a cikin Valiant. To amma volt 12 ɗin nan suna ne kawai. Lafiyayyen batir da ke hutawa yana kan 12.6. Lokacin da ake ba mota kik yakan faɗo zuwa 10, ko ƙasa da haka idan batir ya tsufa. Da injin ya tashi, altaneta ta fara caji, sai ya haura tsakanin 13.5 da 14.5. Idan kuwa kan batir ya yi sako-sako har ya fizge altaneta na cikin aiki, wuta na iya yin tsalle zuwa gomman volt cikin ƙiftawar ido. Ƙwan fitila da hon da waifa ba su damu da wannan hawa da sauka ba. Na'ura mai ƙwaƙwalwar lantarki kuwa, ɗaukewar wuta ta abin da bai kai daƙiƙa ba ta isa ta rikita mata lissafi.

Ramin da ake soka cajar kyamara yana da nasa tarihin, kuma a nan ne aka fi samun matsala. Asalinsa wurin kunna taba ne. A shekarun 1920 laitar lantarki ta fara shiga motocin Amurka, da fari da waya a jikinta ana jawowa, daga baya kamfanin Casco na jihar Connecticut ya fito da wadda ake dannawa ta yi ja a zaro ta. Aikin ramin shi ne ya riƙe ɗan ƙarfe na 'yan daƙiƙoƙi har ya yi zafi, shi ke nan. Da masu ƙera kayan lantarki suka rasa wata kafar samun wuta a cikin mota, sai suka are shi, aka riƙa soka masa fanka da famfon iska da fitilar hannu, daga bisani cajar waya. Babu wani abu a cikinsa da ke kulle fulogi. Tsinin fulogin na kan sifirin, kuma sifirin ɗin a kullum turo fulogin yake yi waje. Ƴan fukafukan ƙarfe biyu na gefe ne kaɗai ke riƙe shi. Faɗin ramin ma bai zo ɗaya ba, na wasu motocin Turai ya ɗan fi na Amurka faɗi. Saboda haka idan mota ta faɗa rami ko ta hau gargada, fulogin kan motsa, wuta ta yanke ta dawo, kyamara ta mutu ta sake tashi. Ga kuma wani bambanci: a motocin Japan da yawa wutar ramin na ɗaukewa da zarar an kashe makulli, a wasu motocin kuwa tana nan dare da rana, kyamarar da aka bari a jone ta kwana tana shanye batir.

Ita kanta kyamarar daga motocin ƴan sandan Amurka ta faro, a shekarun 1980, lokacin da ake neman hujjar da za a kai kotu a kan masu tuƙi cikin maye. Manya ne a lokacin, kaset ɗin VHS suke ɗauka. A watan Janairun 1991 wata irin wannan kyamara ta ɗauki yadda aka kashe wani ɗan sanda, Darrell Lunsford, a gefen hanya a jihar Texas, kuma kaset ɗin ya taimaka wajen kama waɗanda suka yi kisan. Zuwan katin SD a 1999 da ƙaraminsa microSD a 2005, tare da arahar kayan haɗi daga Taiwan da birnin Shenzhen na Sin, ya mai da kyamarar abin da direba zai saya da kuɗin aljihunsa. Ta fara yaɗuwa sosai a Koriya ta Kudu da Taiwan da Rasha, inda direbobi ke neman kariya daga masu damfarar inshora da gardamar wa ya bugi wa. Ranar 15 ga Fabrairun 2013, da wani dutse daga sararin samaniya ya tarwatse a saman birnin Chelyabinsk, kyamarorin motocin masu tafiya aiki da safe ne suka nuna wa duniya abin da ya faru. A 2018 babbar kotun tarayyar Jamus ta amince a karɓi irin wannan bidiyo a matsayin shaida a shari'ar haɗari. Wannan ne ya sa sandarewar kyamara ba ƙaramar asara ba ce: mai ita yakan gano ta daɗe ba ta ɗaukar komai ne a ranar da ya fi bukatarta.

Yawancin kyamarorin nan volt 5 suke amfani da shi, ma'aunin da suka gada daga USB, wanda ya fito a 1996 don kwamfuta. A cikin kan cajar akwai ɗan da'irar lantarki da ke sauke wutar mota zuwa 5. Kyamara kan bukaci amfiya ɗaya zuwa biyu, mai ido biyu gaba da baya ta fi ci, alhali tsohuwar kafar USB ta jikin rediyon mota sau da yawa rabin amfiya take bayarwa. Wayar kuma doguwa ce, takan kai mita uku zuwa huɗu saboda ana zagayawa da ita ta gefen gilashi, kuma idan jan ƙarfen cikinta siriri ne, wutar kan rage kafin ta isa. Alamar wannan a bayyane take: kyamara ta kunnu, ta nuna tambarin kamfani, da ta fara ɗauka sai ta mutu, ta sake farawa. Akwai kuma kyamarorin da idan aka jona su da wayar tura bayanai sai su ɗauka kwamfuta aka haɗa su da ita, su daina ɗaukar bidiyo gaba ɗaya.

Kyamarorin farko na dijital suna da ɗan batir ɗin lithium a ciki, irin wanda Sony ya fara sayarwa a 1991. Amfaninsa shi ne ya riƙe na'urar na ɗan lokaci bayan wuta ta ɗauke, don ta rufe fayil ɗin ƙarshe. Sai dai lithium ba ya shiri da zafi, gilashin gaba kuwa yana cikin wurare mafi zafi a cikin mota. Motar da aka ajiye a rana a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram a watan Afrilu, lokacin da zafin waje ya haura digiri 40, saman dashbod ɗinta na iya kaiwa 70. Batir ɗin kan kumbura, wani lokaci har ya buɗe murfin kyamarar. Kwanan wata ya riƙa komawa baya. Bidiyon ƙarshe, wanda shi ne na lokacin haɗari, ya ƙi buɗewa. Shi ya sa masu ƙera kyamarori masu inganci suka koma ga babbar kafasita, wadda ke riƙe wutar ƴan daƙiƙoƙi kawai amma tana jure zafi. Ga mazauna yankin Sahel, wannan bambancin ya fi yawan fiksel muhimmanci wajen zaɓe.

Sai katin memori, wanda shi ne ya fi kowane abu haddasa sandarewa ta ainihi. Kyamara na yanka bidiyo gunduwa-gunduwa, na minti ɗaya ko uku ko biyar, idan kati ya cika ta goge mafi tsufa ta rubuta sabo. Bidiyo mai kyau yakan ci gigabait 5 zuwa 7 a sa'a, wato tafiya ɗaya daga Kano zuwa Abuja ta isa ta cika kati mai 32. Kowane gurbi a cikin kati yana da iyakar adadin rubutun da zai ɗauka kafin ya gaji, don haka katin da zai yi shekaru a wayar hannu yakan mutu cikin watanni a kyamarar direban haya. Idan kati ya gaza karɓar abin da ake turo masa, kyamara sai ta tsaya tana jira, shi ne sandarewar. Daga baya kamfanoni suka fito da katuna na musamman masu jure yawan rubutu. Akwai kuma katin jabu, wanda aka rubuta masa 64 alhali cikinsa bai kai 8 ba. Katunan da suka haura 32, bisa tsarin SDXC na 2009, suna zuwa da tsarin exFAT, wanda tsofaffin kyamarori ba sa ganewa sai an yi wa katin fomat a cikin kyamarar kanta. Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne na'urar jin girgiza, wadda ke kulle bidiyo idan ta ji alamar karo don kada a goge shi. A hanya mai ramuka kowane rami karo ne a wajenta, ta yi ta kullewa har kati ya cika ba sauran wurin rubutu. Maganinsa a rage mata kaifin ji, a kuma riƙa yi wa katin fomat a kai a kai.

Da aka fara son kyamara ta yi gadin mota ko a ajiye take, sai aka bar ramin taba aka koma akwatin fiyus. Fiyus mai ƙafa biyu na roba, wanda Littelfuse ya fito da shi a 1976, ya sauƙaƙa wannan aiki. Wayar haɗin takan zo da rassa uku: ɗaya zuwa fiyus mai wuta kullum, ɗaya zuwa wanda ke samun wuta sai an murɗa makulli, na uku a ɗaure a tsurar ƙarfen jikin mota. Tana da ɗan akwati da ke yanke wuta idan batir ya sauka zuwa wani mataki, galibi tsakanin 11.8 da 12.4, don mota ta iya tashi da safe. Idan an juya rassan biyu, kyamara ba za ta san an kashe mota ba. Idan an ɗaure na uku a kan fenti ko noti mai tsatsa, za ta riƙa ɗaukewa. Ba a taɓa fiyus ɗin jakar iska ko na birki, ba a kuma bi da waya ta gaban jakar iskar da ke gefen gilashi. Tirela da manyan motoci volt 24 suke da shi, sai cajar da aka rubuta tana ɗauka.

A ƙasar Hausa wannan aiki ya faɗo ne hannun masu gyaran wayar mota, waɗanda ake kira rewaya. Da yawa daga cikin iyayen gidan sana'ar a kan Peugeot 504 suka koya, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, motar da wayoyinta ba su da yawa kuma ƙwan gwaji ya wadatar wajen bincikenta. Ana maƙala waya a jikin ƙarfe, a taɓa tsinin a kan fiyus, idan ƙwai ya kawo an san akwai wuta. Da motocin Kwatano suka cika gari, kayan gyara suka yawaita a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna, sai aikin ya sauya. Ƙwan gwaji yana nuna akwai wuta, amma ba ya faɗin nawa ce, kuma zai kawo a volt 11 kamar yadda zai kawo a 14. Tsohuwar ɗabi'ar naɗe fiyus ɗin da ya ƙone da silin waya, ko murɗe wayoyi biyu da hannu a rufe da salatif, tana da haɗari a motar da ke cike da kwamfutoci.

Rewayan da ya ƙware yakan fara ne da raba gardama. Zai cire kyamarar daga mota, ya zare katin, ya jona ta da cajar waya mai ƙarfi a shago. Idan ta daina sandarewa ba kati, an gano mai laifi. Idan ta yi aiki lafiya da sabon kati a shago amma ta rikice a mota, sai ya koma kan ramin taba, ya leƙa ko akwai tsatsa ko ƙura ko ɗan ƙarfen da ya faɗa ciki, ya kwance tsinin fulogi ya duba ƙaramin fiyus ɗin gilashi da ke ɓoye a ciki, ya gwada wata waya gajera mai kauri. Daga nan ya ɗora mita a kan batir, mota a kashe, sannan lokacin kik, sannan injin na aiki, ya ga ko batir ne ya gaji ko altaneta ce ba ta caji daidai. Sabunta manhajar kyamara da danna ɗan ramin sake farawa su ne na ƙarshe. Kyamarar da ta ci gaba da sandarewa a shago, da sabon kati, da caja mai kyau, a cikin inuwa, ita ce kaɗai za a iya cewa ta lalace.