Motar China: daga abin dariya zuwa abin tsoro

Jama'a, a 2023 China ta sha gaban Japan wajen fitar da motoci zuwa ƙasashen waje, kusan miliyan 5 a shekara guda. Abin nan fa ba dare ɗaya ya faru ba.

A 1956 suka ƙera babbar motarsu ta farko, Jiefang, da taimakon Tarayyar Sobiyet. Da suka buɗe wa baƙi ƙofa, Volkswagen ya shiga Shanghai a 1984, amma da sharaɗi: dole ya haɗa gwiwa da kamfanin gida. A 1994 ma aka hana baƙo mallakar fiye da rabin kamfanin mota. Baƙo ya samu kasuwa, ɗan gida ya samu ilimi.

Geely da ya faro da kayan firji da babura shi ya sayi Volvo a 2010. BYD kuwa batir yake yi tun 1995, sai a 2003 ya shiga harkar mota. Ganin Jamus da Japan sun yi musu nisa a injin fetur, gwamnati ta zuba tallafi a motar lantarki. Ka ga dalilin da ya sa a 2024 Amurka ta lafta wa motocin lantarkinsu harajin kashi 100.

To ga abin takaici: Peugeot ya fara harhaɗa mota a Kaduna tun 1975, kafin Volkswagen ya taka Shanghai. Su sun koyi ƙira, mu har yau tokumbo muke saye. Yanzu da 'yan China suka kawo mana nasu, wane sharaɗi muka gindaya musu?