Yadda 'ya'yan mahauta suka ƙwace zinare a filin bijimai na Sifaniya

Kafin ƙarni na 18, karawa da bijimi a Sifaniya wasan 'ya'yan sarauta ne. Su ne bisa dawakai riƙe da masu, barorinsu na ƙasa da mayafi don janye hankalin bijimi idan ubangida ya faɗi. Da Sarki Felipe na biyar, haifaffen Faransa, ya hau gado a 1700, sai fada ta juya wa wasan baya, manya suka ja jiki. Fili ya koma hannun talakawa masu tsayawa da ƙafarsu, da yawansu yaran mayanka. Wanda ya san hawan ƙaho a ƙasar Hausa ba zai yi mamaki ba, don mahauci ne ya fi kowa sanin halin sa.

Waɗannan na farko fata suke ɗaurawa, da faffaɗar ɗamara mai tsare ciki. Joaquín Rodríguez, wanda aka fi sani da Costillares, ɗan birnin Sebiya da ya tashi a mayanka, yana cikin waɗanda suka ƙi yarda a ci gaba da ganinsu kamar barori. Ya nemi a bar masu tsayawa a ƙasa su sa adon azurfa kamar mahaya. Salon kuwa daga 'yan gayun unguwannin talakawan Madrid aka ɗauko shi: gajeriyar riga, matsattsen wando, da ragar kama gashi, irin waɗanda mai zane Goya ya yi ta zanawa.

Francisco Montes, mai laƙabi Paquiro, wanda ya rayu daga 1805 zuwa 1851, shi ya tsayar da kayan a siffarsu ta yau. A 1836 aka buga littafinsa na ƙa'idojin wasan, kuma shi ake jingina wa baƙar hular nan mai kunne biyu da ake kira montera, da manyan kafaɗu, da ƙyalƙyalin da ke ɗaukar ido a rana. Shi ya sa ake ce wa kayan traje de luces, wato tufafin haske.

Alharini ne, an cika shi da surfani na zaren zinare, duk aikin hannu. Rigar gajeriya ce mai tauri, an bar hammatarta a buɗe don hannu ya wala. Wandon ya ɗame jiki har ƙasan gwiwa don kada ƙaho ya sami abin sarƙewa, kuma matsinsa ya kai ga mutum ba ya iya sa shi shi kaɗai, sai yaronsa mai riƙe masa takubba ya taya shi. Sai falmaran, da safa ruwan hoda, da takalmi marar tsini. A ƙeya akwai tukku. A dā gashin mutum ne na gaske, har gwanin wasan Juan Belmonte ya aske nasa, yanzu na roba ake maƙalawa.

Launin zaren kansa matsayi ne. Zinare na mai kashe bijimin ne, mataimakansa na ƙasa kuwa azurfa ko baƙin ado. Mahaya masu mashi har yau suna da izinin sa zinare, ragowar girman da doki ya taɓa samu a filin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne duk wannan ado ba ya kare komai. Mahayi yana da sulken ƙarfe a ƙafa, dokinsa ma an tilasta a sa masa lifidi tun 1928. Mai zinaren kuwa tsakaninsa da ƙaho sai yadi. A watan Agustan 1947 bijimi mai suna Islero ya soki mai kashe bijimai Manolete a cinya a garin Linares, ya rasu yana ɗan shekara 30. Ban ga hujjar azabtar da dabba don nishaɗi ba, amma ba zan raina telan da ya yi makonni a kan riga ɗaya ba, ya kuma san ana iya dawo masa da ita a yage.

Tsohon salon zamanin Goya bai ɓace ba. A 1954 garin Ronda ya fara shirya wasa na musamman da shi don tunawa da gwaninsu Pedro Romero, haifaffen 1754, kuma a 2009 mai tsara tufafi Giorgio Armani ne ya tsara wa mai kashe bijimai Cayetano Rivera kayan da ya shiga filin da su.