ABUBAKAR HUƊU A ZAMANI GUDA: SARKI, MARUBUCI, FIRAYIM MINISTA DA MALAMI

In mutum ya tsaya a tsakiyar kasuwar Maraɗi ko ta Kurmi a Kano, ya ɗaga murya ya ce “Garba!”, da wuya a rasa masu waiwayowa. In ya ce “Habu!”, wasu kuma su amsa. A Diffa da Yerwa sai a ce Bukar, a rugar Fulani a ce Buba, a takardun makarantun Faransanci kuwa a rubuta Boubacar ko Aboubacar. Duk waɗannan rassa ne na suna guda, wato Abubakar.

Shi kansa mai asalin sunan, Sayyidina Abubakar, ba shi ne sunansa na yanka ba. Sunansa Abdullahi, Abubakar alkunya ce da ta rinjayi sunan har ta rufe shi. Laƙabinsa biyu, Siddiƙu da Atiƙu, su ma sun zama sunaye a bakin Bahaushe, Sadiku da Atiku. Shekara biyu da 'yan watanni kawai ya yi a halifanci, daga 632 zuwa 634, amma har yau iyaye na yi wa 'ya'yansu huɗuba da sunansa don fatan su gaji gaskiyarsa.

Hausawa na cewa suna linzami ne. Sai dai tarihin ƙarni na 20 ya nuna mana takwarori huɗu da aka ɗaura wa linzami iri ɗaya, kowa ya nufi hanyarsa daban. A Arewacin Nijeriya aka haife su, cikin kimanin shekara ashirin. Ɗaya ya hau gadon sarauta, ɗaya ya riƙi alƙalami, ɗaya ya ja ragamar ƙasa, ɗaya ya zauna kan buzun karatu. Hanyoyinsu sun yi ta haɗuwa, wani lokaci da lumana, wani lokaci da saɓani.

SARKIN MUSULMI ABUBAKAR NA UKU

Me ya sa ake ce masa na Uku? Saboda takwarorinsa biyu sun riga shi zama kan wannan gadon. Na farko shi ne Abubakar Atiku ɗan Shehu Usmanu, wanda ya gaji ɗan'uwansa Muhammadu Bello a 1837, ya rasu a Katuru a 1842 bayan yaƙin da ya kai Tsibiri ta Gobirawa, kusa da Maraɗi. Na biyu shi ne Abubakar Atiku na Raba, daga 1873 zuwa 1877.

Na ukun an haife shi a Dange a watan Maris na 1903, watan da sojojin Ingila suka ci birnin Sakkwato. Ke nan tare da mulkin Turawa ya zo duniya. Ya riƙe sarautar Sardauna kafin a naɗa shi Sarkin Musulmi a 1938, bayan rasuwar Hassan ɗan Mu'azu. Daga cikin waɗanda suka nemi gadon tare da shi akwai wani matashi, Ahmadu Bello, kuma shi sabon sarkin ya bai wa sarautar Sardauna da ya bari.

Shekara 50 ya yi yana sarauta, har zuwa rasuwarsa a 1988. Ya hau gado lokacin da kotu da kurkuku da 'yan doka duk suna hannun sarki. A idonsa gwamnatin soja ta karɓe su a ƙarshen shekarun 1960, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kwashe sauran ikon En'e. Ya ga tafiyar Turawa, ya ga juyin mulki ba ɗaya ba, ya ga yaƙin basasa. Iko ya yi ta raguwa a hannunsa, amma kwarjininsa bai ragu ba, domin mutum ne mai ƙarancin magana da yawan haƙuri. 'Ya'yansa biyu, Muhammadu Macciɗo da Muhammadu Sa'ad, sun hau gadon bayansa.

TAKWARORIN KWALEJIN KATSINA

Abubakar na biyu da na uku kusan sa'o'in juna ne. An haifi Abubakar Imam a Kagara a 1911, aka haifi Abubakar Tafawa Ɓalewa a ƙasar Bauchi a 1912. Dukansu sun yi karatu a Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, kuma da koyarwa suka fara aiki, Imam a Midil ta Katsina, Ɓalewa a Midil ta Bauchi. A makarantun boko na wancan zamani akan liƙa wa ɗalibi sunan garinsu don a bambanta shi da takwarorinsa. Haka sunan wani ƙaramin gari, Tafawa Ɓalewa, ya bi ɗansa har zauren Majalisar Ɗinkin Duniya.

A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Takwarorin biyu duk sun shiga. Imam ya rubuta Ruwan Bagaja, labarin yawon duniya mai cike da barkwanci da ƙeta tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe. Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar, labarin yaron da aka sace aka bautar, aka ƙetara Sahara da shi, mahaifiyarsa ta bi sawunsa har ta ƙarar da rayuwarta. Wanda ya karanta littattafan biyu ya ga halayen marubutansu: ɗaya mai raha da wasa da harshe, ɗaya mai natsuwa da tausayi. Yayan Imam ma, Malam Bello Kagara, a wannan gasar ya fito da Ganɗoki.

Daga nan hanya ta rabu. Imam ya tafi Zariya ya rubuta Magana Jari Ce littafi uku, inda ya ɗebo labarai daga Gabas da Yamma ya sa musu riga da rawanin Hausa, har mai karatu ya rantse a gidansu aka haife su. A 1939 aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya zama editanta na Hausa na farko. A 1943 ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, tare da Nnamdi Azikiwe, ya gana da tsohon Gwamna Lugga, ya bayyana masa koke-koken 'yan bokon Arewa. Labarin wannan tafiya shi ne littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ya taɓa siyasa, amma bai zauna cikinta ba. Ya rasu a 1981. Yawancin Hausar da muke rubutawa yau, a Zariya ne ko a Damagaram, ta bi ta ƙarƙashin alƙalaminsa.

Shi kuwa Ɓalewa bai sake fitar da wani ƙagaggen labari ba. Bayan ya ƙaro karatu a Landan a 1945 zuwa 1946, ya shiga Majalisar Dokokin Arewa. A watan Agusta na 1950 ya miƙe a zauren majalisar a Kaduna ya nemi a binciki tsarin mulkin En'e a gyara shi, saboda talaka ba shi da ta cewa a cikinsa. Wannan tsari kuwa shi ne wanda takwaransa na Sakkwato yake zaune a ƙololuwarsa, kuma sarakuna da yawa ba su ji daɗin jawabin ba. Ɗan talaka ne ya faɗi abin da 'ya'yan sarauta ba su iya faɗa ba.

Ya zama Firayim Minista a 1957, ya karɓi 'yancin kan Nijeriya ran 1 ga Oktoba, 1960. A farkon 1961, da Faransa ta ci gaba da gwajin bam ɗin nukiliya a hamadar Aljeriya, gwamnatinsa ta kori jakadan Faransa daga Legas, ta rufe wa jiragenta tashoshi, matakin da Nijar da Cadi suka ji a jikinsu saboda kayansu ta Nijeriya suke bi. Yana cikin shugabannin da suka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa a 1963. Sojoji suka ɗauke shi daga gidansa a daren 15 ga Janairu, 1966. Bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanya a wajen Legas, aka kai shi Bauchi aka rufe.

MALAMIN GUMI

Autansu shi ne Abubakar Mahmud Gumi, ɗan alƙali, haifaffen garin Gumi da ke jihar Zamfara a yau. Ya haɗa karatun zaure da na boko: Midil ta Sakkwato, Makarantar Shari'a ta Kano, sannan Bakht er-Ruda a Sudan. Tun yana matashin malami a Maru ya yi jayayya da limamin garin kan yin taimama alhali ga ruwa, maganar da ta kai har fadar Sarkin Musulmi. Wannan ce haɗuwarsa ta farko da babban takwaransa, kuma ba ta zumunci ba ce.

Aikin alhazai a Jidda ya kusanta shi da Sardauna Ahmadu Bello. Ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962, shekarar da aka kafa Jama'atu Nasril Islam, ƙungiyar da ta tara shi da Sarkin Musulmi Abubakar a inuwa ɗaya. Tafsirinsa na Masallacin Sultan Bello a Kaduna, wanda Rediyon Kaduna ke watsawa, ya ƙetare iyaka ya shiga zaurukan Maraɗi da Ƙonni da Garwa. A 1972 ya fitar da littafinsa Al-Aƙidatus Sahiha, inda ya soki ɗariƙun sufaye, ciki har da Ƙadiriyya wadda gidan sarautar Sakkwato ya gada. Malaman ɗariƙa suka mayar da martani, kuma muhawarar da ta biyo baya, wadda ta haifar da ƙungiyar Izala a Jos a 1978, ba ta lafa ba har yau. Ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa, ya sami lambar yabo ta Sarki Faisal a 1987, ya rasu a Landan a 1992.

ABIN DA SUNAN YA RIƘE

Duba yadda tarihi ya yi da su. Ba wanda a cikinsu ake kira da Abubakar kawai a gane shi. Ana cewa Ɓalewa, ana cewa Imam, ana cewa Gumi, ana cewa Sarkin Musulmi. Sunan yanka addu'a ce ta iyaye ranar bakwai, suna na biyu kuwa aikin mutum ne ke cika shi da ma'ana. Suna ɗaya bai hana Ɓalewa sukar tsarin da sarki ke jagoranta ba, bai kuma hana Gumi jayayya da fada ba. Duk da haka, abin da kowannensu ya bari yana hannunmu: littafin da muka koyi karatu da shi, ƙasar da ta sami 'yanci, fassarar da ke kan kantar masallaci, da gadon sarautar da ya tsira daga guguwar ƙarni guda.

Sunan bai daina tafiya ba. A fadar Damagaram akwai Sultan Abubakar Sanda. A Kamaru, Vincent Aboubakar, wanda ya taso a ƙungiyar Coton Sport ta Garwa, shi ya ci ƙwallon da ta ba ƙasarsa kofin Afirka a kan Masar a 2017, ya kuma zura wa Brazil ƙwallo a gasar duniya ta 2022.

Allah ya jiƙan magabatanmu. Masu suna Garba da Habu da Buba da Bukar da ke tare da mu a wannan zaure, ku faɗa mana wane takwara aka yi muku, kuma wane Abubakar ne na garinku da ya cancanci a rubuta tarihinsa.