TARIHIN KARƁAR BAƘI A EKKLESIYARMU: DAGA ƘWARYAR RUWA ZUWA JAKAR MARABA

 Kwamitin shirya wannan biki na cika shekara 50 ya raba mana aikin rubuta tarihi. Wasu sun ɗauki tarihin gini, wasu na Zumuntar Mata, wasu na ƙungiyar mawaƙa. Ni kuwa aka ba ni jakar maraba, wato 'yar jakar nan da muke miƙa wa wanda ya yi sujada tare da mu karo na fari. Da farko na ga kamar an rena ni. Amma da na zauna da tsofaffin littattafan magatakarda, na kuma tambayi iyayenmu mata da suka rage, sai na ga babu abin da ya nuna halinmu cikin shekarun nan kamar yadda muka riƙa yi da baƙo.

Kada mu manta bishara kanta baƙuwa ce da aka ba masauki a ƙasar nan. Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham sun sauka Ikko a Disamba 1893, biyun farko kuwa suka mutu a 1894, Gowans a Girku, Kent a Bida. Dokta Karl Kumm da abokansa sun iso Wase a 1904, Dokta Walter Miller kuma ya zauna cikin birnin Zariya a 1905. Masu bishara 'yan ƙasa da suka biyo bayansu ba su da mota, ba su da albashin kirki. A zauren mai unguwa suke kwana, tuwon wanda bai gaskata ba suke ci, har Allah ya ba su mutum na fari.

Haka mu ma muka soma. Ina ɗan saurayi sa'ad da ake taruwa a ɗakin ciyawa, bencinmu tubalin ƙasa ne, ƙararrawarmu kuwa tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a bishiya. A lokacin babu wata jaka. Idan baƙo ya shigo, mai ja-gorar sujada yakan ce ya tashi ya faɗi sunansa, da garinsu, da abin da ya kawo shi. Mata su ɗauko waƙar maraba da tulu da kacau-kacau, kowa ya je ya kama hannunsa. Ana tashi, kafin ya kai bakin ƙofa wata uwa ta riga ta durƙusa da ƙwaryar ruwa ko kunun zaƙi. Babban abin kuwa yana gaba: ba a barin baƙo ya tafi shi kaɗai. Akwai juyi tsakanin gidajen dattawa, wanda juyinsa ya zo shi zai tafi da shi gida ya ci tuwon rana, in dare ya yi masa ya kwana. Da zai tafi a ƙulla masa gyaɗa ko ƙwai, yara su raka shi har bakin hanya. Mahaifiyata takan ƙara mudu guda a tsakin ranar Lahadi, ko an yi baƙo ko ba a yi ba. Mu yara mun fi son ranar da ba a yi ba, Allah ya gafarta mana.

Iyayenmu ba su yi karatu mai zurfi ba, amma sun riƙe labarin Ibrahim a Mamre cikin Farawa 18, da gargaɗin Ibraniyawa 13:2. Sai da na shiga makarantar Littafi Mai Tsarki na ji cewa kalmar Helenanci da ke wurin, filoseniya, ma'anarta ƙaunar baƙo, kuma tana cikin sharuɗɗan shugaban ekklesiya a 1 Timoti 3:2, a jere ɗaya da iya koyarwa. Na koyi kalmar a aji, amma aikin a gindin murhun gidanmu na fara ganinsa.

Baƙinmu na farko manoma ne da 'yan cin rani. Daga baya suka canza. Gwamnati ta kafa bautar ƙasa a 1973, ta ƙara jihohi a 1976, a shekarar kuma aka fara shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa. Sai ga malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da 'yan sanda, da samari masu kakin bautar ƙasa waɗanda ko "sannu" ba su ji. Mutum ya zauna awa uku cikin sujadar Hausa, ya fita bai kama kome ba sai Amin. Nan ne dattawa suka ga ya kamata a sa wa baƙo wani abu a hannu da zai karanta. Masu fita wa'azi na Sabon Rai Don Kowa suna da ƙananan takardun bishara, na Hausa da na Turanci, sai aka fara ware wasu domin baƙi. Wanda aka ga yana marmari sosai akan ba shi Bisharar Markus ko ta Yohanna. Cikakken Littafi Mai Tsarki, ko tsohon juyi na 1932 ko sabo na 1979, ya fi ƙarfin aljihunmu mu bayar kyauta. Takardar ba ta ture tuwo ba, tare suke tafiya.

Abin da ya fara raunana juyin gidaje shi ne tsadar rayuwa da ta biyo bayan tsarin gyaran tattalin arziki na 1986. Albashi ya daina kai ƙarshen wata. Dattijo ya ga juyinsa ya zo, ya sulale ta ƙofar baya kafin a sa albarka. Ban ga laifinsu ƙwarai ba, gama kunya ce a kai baƙo gida babu abin sa masa a gaba. Zumuntar Mata ce ta rufa mana asiri. Suka ce a bar baƙi su tsaya a ƙarƙashin bishiya bayan sujada, su za su kawo zoɓo da cincin daga asusunsu. Da leda ta yawaita a kasuwa cikin shekarun 1990, sai suka fara ƙulla cincin ɗin da takardar bishara a leda guda domin mai sauri. Wannan ledar ita ce kakar jakar da muke bayarwa yau. Babu taron da ya zauna ya ƙirƙiro ta, shi ya sa ba za ku sami ranar haihuwarta a littafin magatakarda ba.

Jakar gaske mai hannu, da sunan ekklesiya a jikinta, 'ya'yanmu ne da suka je karatu birni suka gano ta a manyan majami'u, suka dawo suka ce mu ma kada a bar mu a baya. Aka sa biro, da hankici, da ɗan littafin rubutu, da biskit, da lemon gwangwani, wani lokaci da kalanda idan farkon shekara ne. Bayan wayar salula ta shigo a 2001 aka ƙara kati inda baƙo zai rubuta sunansa da lambarsa. Katin ya taimaka, ba na musu. Amma a da ranar Talata dattijo biyu sukan taka har gidan baƙon. Da kati ya zo, sai saƙon waya ya ɗauki wurin ƙafa, daga baya saƙon ma ya zama sai an tuna. Na taɓa buɗe akwatin ofis na tarar da katuna an ɗaure da roba, ba wanda aka nema a cikinsu.

Akwai abu biyu da dole in rubuta, ko da ba su da daɗin ji a ranar biki.

Na fari laifina ne. Lokacin da muke neman kuɗin rufin wannan gini, aka kawo shawara a yi jaka iri biyu: babba mai kofi da tawul domin manyan baƙi masu zuwa da mota, ƙarama domin sauran. Ni ne a kan kujera, na kuwa amince. Mun yi watanni muna haka. Ran nan a taron dattawa wani tsoho da ba ya yawan magana ya ɗaga hannu, ya ce, "Baba Fasto, a ba ni izini in yi karatu." Ya buɗe Yaƙub sura 2, ya karanta aya 1 zuwa 4 a hankali, yana bin layi da yatsa, inda ake zancen mai zoben zinariya da matalauci mai tsummoki. Ya rufe littafi ya zauna, bai ƙara ko kalma ba. A ranar aka soke babbar jaka. Sauran kofunan suna nan a kicin ɗin Zumunta, da su za ku sha ruwa yau.

Na biyu ya fi nauyi. Wata Lahadi wata yarinya ta shigo ta zauna a bencin ƙarshe, ta rufe fuska da gyale. Da aka ce baƙi su tashi ba ta tashi ba, sai na kusa da ita suka yi ta taɓa ta har ta miƙe. Aka yi mata waƙa, aka tambayi gidansu a gaban jama'a, aka miƙa mata jaka da sunanmu da hoton gicciye baro-baro. Da yamma mai shara ya tsinci jakar a bayan katanga, ba a taɓa kome ba sai Bisharar Yohanna da aka cire. Wasu suka ce rashin godiya ne. Wata uwa a cikinmu da ta san gidan ta ce mana, in yarinyar nan ta shiga gida da jakar nan, ba za ta kwana a gidan ba. Ba ta sāke zuwa ba. Tun daga nan muka daina tilasta wa kowa tashi, muka daina matsa wa mutum ya cika kati, muka kuma ajiye jakunkuna marasa rubutu domin wanda ya fi son haka. Ina roƙon fastocin da za su zo bayana kada su soke wannan tsari domin son talla.

Sai kuma zamanin tsoro. Mun ji na Kafanchan a 1987, da Zangon Kataf a 1992, da Kaduna a 2000, da Jos a 2001, kowannensu kuwa ya kawo mana baƙin da ba biro suke bukata ba, sai tabarma da hatsi. A nan ekklesiya ta tuna da halinta na dā, aka raba iyalai gida gida ba tare da an jira juyi ba. Amma bayan bam na Madalla ranar Kirsimeti ta 2011, da na majami'un Zariya da Kaduna a Yuni 2012, baƙuwar fuska ta zama abin dubawa sau biyu. Aka sa shinge, 'yan Birged suka tsaya a ƙofa da na'urar bincike, aka hana mata shiga da manyan jakunkuna. Ku duba wannan al'amari: mu ƙwace jakar baƙo a ƙofar shiga, mu miƙa masa tamu a ƙofar fita. Ban ce a cire tsaro ba, gama mun binne mutane a ƙasar nan. Abin da muka yi shi ne muka sa uwa ɗaya daga Zumunta ta tsaya tare da samarin, domin baƙo ya fara jin "sannu da zuwa" kafin a ce ya ɗaga hannu. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, a bakin shinge muka gane haka da kyau.

Annobar korona ta 2020 ta tsayar da jakar har da gaisuwar hannu na ɗan lokaci. Bayan cire tallafin man fetur a Mayu 2023 kuma lemon gwangwani ya fita, ruwan leda ya shiga, hankici ya bi bayan lemon. Ma'aji ya kawo shawara a dakatar da jakar gaba ɗaya, mata suka ƙi, suka koma soya gyaɗa da cincin da hannunsu kamar yadda iyayensu suka yi. A ganina jakar yanzu ta fi ta shekarun baya daraja, ko da ta fi ta arha.

Sa'ad da nake tattara wannan tarihi na tambayi waɗanda suka zo da baƙunci suka zama 'yan gida, har wasunsu dattawa ne yau, me ya sa suka dawo Lahadi ta biyu. Ba wanda ya ambaci biro. Ɗaya ya ce miyar kuka ce da ya sha a gidan wani dattijo, ɗaya ta ce an zo gaishe ta da ɗanta ya yi zazzaɓi. Saboda haka majalisar dattawa ta amince a maido da juyin gidaje daga wannan shekara ta jubili, a riƙa yin sa tare da jakar. Takardar tana wurin magatakarda, gidan da yake so ya shiga sai ya rubuta suna bayan sujada. Baƙinmu na yau kuwa, idan an sa albarka, ku nufi ƙarƙashin bishiya ta gefen gabas, iyayenmu mata suna jiranku a can.