Littafi Mai Tsarki a Ƙasar Haɗejiya da Buƙatar Ƙa'idojin Fassara

Bayan yaƙin 1906, wanda a cikinsa Turawa suka ci Haɗejiya suka kashe Sarki Muhammadu, gwamnatin mulkin mallaka ta riƙe manufarta ta hana 'yan mishan kafa tashoshi a masarautun Musulmi, saboda haka Kiristanci bai samu gindin zama a kwarin Kogin Haɗejiya ba sai wajajen 1930, lokacin da layin dogo daga Kano zuwa Nguru ya ratsa ta Malam Madori, ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu. A 1932 kuma aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya ya yi wa jagora, wanda ya sa duk mai iya karatun boko ya iya buɗe littafin da kansa.

Littafin ya shigo ƙasar da jama'arta suka riga suka san cewa ba kowa ke fassara nassi ba, domin malamin da ke zaman tafsiri a watan azumi sai ya san nahawu, da dalilin saukar aya, da wadda ta shafe hukuncin wata. Mai wa'azin Kirista ya tarar da irin wannan nauyi, ko ma fiye, tunda abin da ke hannunsa tarin littattafai sittin da shida ne a ƙidayar Furotesta, waɗanda aka rubuta cikin ɗaruruwan shekaru, akasari da Ibrananci da Helenanci, kuma sun ƙunshi shari'a, da tarihi, da waƙoƙi, da annabci, da wasiƙu. Ƙa'idojin fassara, wato sharuɗɗan da ake bi a gano abin da nassi ke nufi, su ne ke hana a karanta waƙa kamar doka, ko a ɗauki labarin abin da wani ya aikata a matsayin umarni.

Batun auren mace fiye da ɗaya ya fi kowane fito da wannan buƙata a ƙasar Hausa. Manomin fadama da ya karanta Tsohon Alkawari zai ga Ibrahim da Yakubu da Dauda duk sun tara mata, alhali mishan na ce masa ba za a yi masa baftisma ba sai ya zauna da mace guda, kuma tambayar da zai yi ba ta raini ba ce. Amsarta ta dogara ne kan ƙa'idar da ke cewa ana karanta Tsohon Alkawari bisa hasken Sabon, da kuma cewa ba duk abin da littafin ya ba da labarinsa ya yi umarni da shi ba. Da wannan ma'auni ne aka yanke batun kaciya da na haramtaccen abinci.

Asalin ƙa'idojin kuwa, wani sashensa a Afirka yake. A ƙarni na huɗu Tikoniyus, mutumin Arewacin Afirka, ya tsara ƙa'idoji bakwai, daga baya Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, ya shigar da su cikin littafinsa na koyarwar Kirista da ya kammala wajen 426, inda ya nace cewa aya mai duhu da aya bayyananna ake warware ta. Wannan gado ne makarantun Baibul irin ta Kagoro, da kwalejin tauhidi ta Bukuru da aka buɗe a 1959, suka riƙa koya wa masu bishara kafin a tura su ƙauyuka.

Sai dai ƙa'idojin ba su kashe gardama ba. Taron bishop-bishop na Angilika a Lambeth ya hana baftismar mai mata da yawa a 1888, amma a 1988 taron ya yarda a karɓe shi da matansa bisa wasu sharuɗɗa, ciki har da kada ya ƙara aure, alhali ayoyin da tarukan biyu suka kafa hujja da su ba su sake ba.